Kirsimeti a Saman Shagon Mamman

Cocin da Rifkatu ke ja wa waƙa ba shi da hasumiya, ba shi da ƙararrawa. Wani dogon ɗaki ne a saman bene, bayan layin dogo a Agege, wanda 'yan Arewa mabiya Almasihu suka kama haya. Akwai masu gadi, akwai masu sayar da doya, akwai matan sojoji, wasu daga Zonkwa, wasu daga Bokkos, wasu daga Malumfashi, Hausa ce ta haɗa su. A ƙasa shaguna ne, mafi girma na Mamman, wani Basakkwace mai sayar da shinkafa da man gyaɗa. Hanyar hawa ɗaya ce tak, matattakala mai ƙunci, wadda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace.

Ranar Kirsimeti da safe ɗakin ya cika ya batse. Waɗanda ba a ganinsu sai shekara-shekara duk sun zo, har an aro kujeru daga maƙwabta. Matan zumunta sun sha anko, yara sun sha sababbin kaya. Rifkatu na tsaye gaban bagadi da makirfo a hannu, ita ke fuskantar jama'a, jama'a na fuskantarta. A gefenta Mama Turai ce zaune, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta rungume tulun da take kaɗawa tun kafin a haifi rabin mutanen ɗakin.

Da lokacin baiko ya yi, wato tara sadakar coci, Rifkatu ta ɗauko waƙar rawa. Ganga ta amsa, tulu ya amsa, mutane suka miƙe. Ƙafafu suka shiga sauka tare, dim, dim, dim, ana guɗa.

Tana cikin ba da waƙa idonta ya faɗa kan wata gorar ruwa a ƙasa. Ba wanda ya shure ta, amma tana gangarawa a hankali tsakanin kujeru, ta nufi kusurwar baya ta hagu. Rifkatu ta bi ta da kallo har can. A bangon wannan kusurwa akwai wata tsohuwar tsaga da kowa ya sani, an sha shafe ta da fenti. Yau tsagar ta buɗe baki, har hasken rana na shigowa ta ciki. Ƙura na zubowa daga sama kamar ana tankaɗe. Duk sa'ad da ƙafafu suka sauka, sai bakin ya ƙara motsi.

A gindin bangon nan aka ajiye bencin yara. 'Yarta Keziya na zaune a kai, sanye da farar rigar mala'ika da fukafukan kwali, tana jiran wasan da za su yi bayan wa'azi.

Bakin Rifkatu ya ci gaba da waƙa shi kaɗai, ita kuwa ba ta jin abin da take faɗa. Duk wanda ya zauna Legas ya san abin da bene ke yi idan ya gaji. Ihu ya taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye shi da ƙyar, don ta tuna bara. A sujadar sabuwar shekara wani yaro ya jefa abin fashewa na wasa a bakin ƙofa, aka yi ribibi kan matattakala, wata mata ta karye a ƙugu. Ranar kuma mutane ba su kai rabin na yau ba. In ta ce "ku gudu", manya za su bi ta kan yara.

Ta ɗaga hannu ta yanke kiɗan. Mai ganga ya dube ta da mamaki. Ƙafafu suka tsaya.

"Jama'ar Ubangiji," ta ce. Muryarta ta fito siririya, ta gyara. "Yau ba mu kaɗai za mu ji daɗi ba. Maƙwabtanmu ma sai sun ji albishir. Za mu sauka titi da waƙa, amma ba rawa. A hankali, kamar masu shiga ɗakin jariri yana barci. Yara ne a gaba. Bencin baya, ku taso."

Aka yi dariya, wasu suka tafa. Fasto Habila, wanda takardar wa'azinsa ke buɗe a gabansa, ya matso yana murmushin dole.

"Maman Keziya, wannan ba ya cikin tsari."

Ta kawar da makirfo daga bakinta. "Baba, kada ka nuna da hannu. Dubi bangon baya."

Ya duba. Ta ga fuskarsa ta canza, ta ga ya ja numfashi zai yi magana da ƙarfi. Ta damƙe masa hannu, abin da ba ta taɓa yi ba, har farcenta ya shiga fatarsa.

"Don Allah, Baba. Ka tsaya a bakin ƙofa, ɗaya bayan ɗaya."

Ya juya, ya tafi.

Ba ta da waƙar da ta dace, sai ta ƙirƙiro a tsaye. "Makiyaya sun bar garke, sun bi hanya sannu-sannu." Ta maimaita, jama'a suka kama amshi. Mama Turai ta dube ta, ta dubi inda take kallo, ta daɗe tana kallo. Ta sauke kiɗan tulun ya koma bugu ɗaya-ɗaya, daidai da takun mai tafiya a natse.

Yara suka taso a jere. Keziya ta tsaya gyara fiffikenta da ya maƙale a benci. Rifkatu ta ji ƙafafunta na neman kwasa da gudu, ta danne su, gumi na bin bayanta. Sannu-sannu, take rerawa, idonta kan yarinyar. Malamar yara ta ciro fiffiken, ta tura ta gaba. Da farin kwalin ya ɓace a bakin ƙofa, Rifkatu ta ga ɗakin yana juya mata, ta dafa bagadi.

Mata masu goyo suka bi, sai tsofaffi. Layin ba ya sauri. Wani ya tsaya neman takalminsa, wata ta koma ɗaukar jaka. Ƙarƙashin tafin ƙafarta Rifkatu na jin daɓen yana wani irin numfashi, ko kuwa jikinta ne ke rawa, ba ta iya bambancewa.

An kusa rabi sai wani ɓangaren siminti ya ɓalle daga sama, ya faɗi kan bencin da yara suka bari. Wata budurwa ta juya, ta ga bangon, ta ƙwalla ƙara.

"Gini zai faɗi!"

Layin ya murɗe. Kujeru suka fara kifewa. Rifkatu ta kai makirfo bakinta ta daka tsawar da ba ta san tana da ita ba.

"Kowa ya tsaya inda yake! 'Ya'yanku na kan matattakala! Wanda ya tura, ɗansa zai taka!"

Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai zubar ƙura da kukan wani jariri. Cikin shirun nan tulun Mama Turai ya ci gaba, bugu ɗaya, bugu ɗaya. Rifkatu ta ɗora waƙar a kai. Ba kowa ya amsa ba. Wasu na kuka, wasu na kiran sunan Yesu, amma ƙafafu suka koma bin tulun.

Daga ƙasa aka ji ana dukan ƙarfe. Mamman ne. Siminti ya fara zubo masa kan buhuna, ya fito a guje ya tarar da yara na fitowa ta rabin ƙofa, don ɗaya ɓangaren a garƙame yake da kwaɗo. Ya ɗauko guduma ya fasa, ya tsaya yana karɓar mutane yana tura su tsallaken titi.

Ɗakin ya rage daga Rifkatu sai tsohuwa.

"Mama, tashi."

"Gwiwar ta ƙi, 'yar nan. Ki je."

Rifkatu ta yar da makirfo, ta janye tulun ta ajiye, ta durƙusa ta goya ta. Ba ta san inda ƙarfin ya fito ba. Matattakalar ta yi duhu da ƙura, tsohuwa na salati irin nasu a kunnenta, "Ya Yesu, ya Yesu." Kowane taki sai ta ji kamar shi ne na ƙarshe. A ƙasa Mamman da Fasto suka karɓi Mama Turai, suka ja su zuwa wancan gefen.

Ginin bai faɗi nan take ba. Ya tsaya har wasu suka fara cewa an tayar musu da hankali a banza, wani ma ya ce zai koma ɗauko wayarsa, Mamman ya riƙe masa riga. Ana cikin wannan musu kusurwar baya ta yi wata ƙara mai kama da tsagewar itace, ta zube cikin shagon da kujeru da benci da komai. Ƙura ta rufe titi. Masu okada suka watse.

Da ta lafa, Fasto ya bi mutane iyali-iyali yana tambaya, kowa ya ga nasa. Ba a rasa ko ɗaya ba. Mamman na tsaye yana kallon inda shagonsa yake a da, hannu biyu a ka, yana maimaita "Alhamdu lillahi, ba rai a ciki."

Wani dattijo ya ce a yi waƙar godiya, duk aka juyo ana neman Rifkatu. Tana zaune a bakin kwata, ankonta ya yi fari fat, ta ƙanƙame Keziya har yarinyar na cewa ana matse ta. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Haƙoranta sai haɗuwa suke. Wata Bayarbiya mai sayar da burodi ta kawo mata ruwa, ta kasa riƙewa, sai da matar ta tallafe mata kai ta ba ta a baki kamar yarinya.

Sai da aka yi kwanaki kafin muryarta ta dawo. Ikilisiya ta koma yin sujada ƙarƙashin rumfar haya a wani fili kusa da kasuwa, maza kuma suka yi Asabar biyu suna taya Mamman tono abin da ya saura na kayansa. Rifkatu ta ci gaba da jan waƙa. Amma ƙanwarta da ke zaune a hawa na uku a Iyana Ipaja ta gaji da gayyatarta, don Rifkatu ta daina hawa bene, yanzu ƙanwar ce ke zuwa wurinta.