Firji Mai Ƙofar Gilashi

Lado ya shekara goma sha ɗaya a Jidda bai mallaki firji ba, kuma bai taɓa jin ya rasa komai ba. Umra ce ta kawo shi daga Bakori, ya ga wuri ya zauna, ya samu aikin dako a wani siton tayoyi a Khumra, can kudancin gari. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafili mai tsaya masa, sai ƙarfinsa da iya kauce wa motar 'yan sanda. In yana son ruwan sanyi, ga na sadaka nan a ƙofar masallaci.

Dabino ne ya ja masa. A shekararsa ta biyu ya ci wani dabino mai daɗi, ya tura ƙwallon cikin ƙasa a bayan sito, daidai inda ruwan alwalar ma'aikata yake gangarawa. Abu kamar wasa ya tsiro. Lado ya kewaye shi da tsofaffin tayoyi, ya yi faɗa da awakin wani Basudane a kansa, har abokan aiki suka riƙa ce wa bishiyar matar Lado. A 2008 ta yi fure. Ya je ya roƙo furen namiji wurin wani Bayamane mai lambu, ya hau da kansa ya ɗaura. A watan Agusta sai ga reshe uku sun nuna, ɗanyen dabino mai laushi wanda Larabawa ke kira ruɗab, irin wanda ke narkewa a baki kafin haƙori ya taɓa shi.

A shekarar ce kuma ya biya wa mahaifiyarsa, Inna Turai, kujerar Makka. Da ya kira ta a wayar ƙanwarsa, bakinsa ya yi masa gaba.

"Inna, duk dabinon da alhazai ke kawo miki busasshe ne. In kin zo za ki ci ɗanye, na bishiyar da na shuka da hannuna."

"Kai ka shuka?" ta ce. Ya ji muryarta ta canza. "To Allah ya kai mu. Shi zan fara ci."

Sai da ya kashe waya ya tuna aikin hajji sai Disamba, ruɗab kuwa ba ya kwana goma a zafin Jidda. Abin ya tsaya masa a rai. Shekara goma sha ɗaya ba gida, ba mata, ba takarda, abu ɗaya da zai ɗora a tafin hannun tsohuwar nan ya ce nawa ne shi ne dabinon nan.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya ja Musbahu, abokin ɗakinsa, suka nufi Haraj, kasuwar kayan gwanjo. Musbahu direba ne, yana da iƙama da motar ɗaukar kaya. Suka tsaya a rumfar Abdulghani mai gyaran firji, wanda kakansa ne ya zo daga Kano da ƙafa, shi kuma aka haife shi a Jidda. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ya haɗa da Larabci.

Da ya ji bukata, bai yi wata-wata ba ya bugi murfin wata firiza fara, doguwa, a kwance, duk ta sha ƙarce.

"Wannan, ya Lado. Ruɗab yana son ƙanƙara. Ka saka, ka rufe, halas."

Lado ya dube ta ya yamutsa fuska. Ina za a ce uwar mutum ta taso tun daga Bakori, sannan a sunkuya cikin wannan akwati mai kama da kwamin ba shanu ruwa a zaro mata abin marmari? Idonsa ya riga ya faɗa kan wani a kusurwa: baƙi, siriri, tsayinsa ya kai ƙirji, da ƙofar gilashi mai duhu-duhu, da 'yar fitila a ciki, da kantocin katako masu kwarmi-kwarmi. Har da makulli.

"Wancan fa?"

Abdulghani ya sosa ƙeya, ya waiwaya ya dubi mutanen da ke rumfar. "Wancan na khawaja ne. Wani Bature ya tafi, ya bari. Sanyinsa shuwayya, kaɗan. Ba naka ba ne, wallahi."

Kalmar nan ta "ba naka ba ne" ita ta ƙarasa lalata zancen. Lado ya ji kamar an ce masa ɗan dako bai isa kayan Turawa ba. Kuma a saninsa sanyi ai sanyi ne. Ya sa hannu ciki, ya ji ni'ima, me ya rage? Musbahu ya ce a bi maganar mai sana'a. Lado ya ce shi ba kifi zai ajiye ba. Allah ya yi shi da taurin kai irin na mai haƙuri, wanda ba ya musu da kowa sai sau ɗaya a shekara, ranar kuwa ko duniya za ta taru ba ya sauka. Abdulghani ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yalla, ɗauka."

Lado ya kai firjin ɗaki, ya tsinke dabinon ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya jera cikin robobi masu murfi, ya kwantar da su a kwarmin kantocin nan, suka zauna daram kamar don su aka yi. Ya kulle, ya rataya makullin a wuya. Ya hana kowa buɗewa don kada sanyi ya fita. Azumi ya kama, ana buɗa baki da dabinon kanti a gaban firjin, Musbahu yana tsokanarsa wai ko ƙwaya ɗaya a sammasu. Lado sai ya yi murmushi ya goge gilashin da hannun riga. Bai taɓa mallakar abin da yake sha'awar kallo haka ba.

Da safiyar ƙaramar salla, bayan sun dawo idi, ya ce yau dai kowa zai ɗanɗana ɗaya. Ya murɗa makulli. Warin da ya bugo su ya sa Musbahu ja da baya yana toshe hanci. Murafan robobin sun kumbura, dabinon ya saki ruwa, ya yi kumfa, wani ya yi gashi fari.

"Rufe ƙofar ɗakin!" in ji Musbahu. "In wani ya ji warin nan cewa za a yi giya muke dafawa."

Suka kira Abdulghani a waya, ya zo da kayan sallarsa. Ya leƙa, ya girgiza kai.

"Firjin lafiya lau yake. Haka aka yi shi, ba ya ƙanƙara abadan. Na ajiye khamr ne, ya akhi. Giyar inabi. Kwarmin nan na kwalabe ne."

"Giya?" Lado ya zauna a bakin katifa. "Ka sani ka bar ni na ɗauka?"

"A tsakiyar Haraj zan ce ina sayar da firjin khamr? Na ce maka ba naka ba ne. Wallahi na ce."

Gaskiya ne, Abdulghani ya faɗa masa. Lado ya tashi. Ya kwashi robobin ya zagaya bayan sito, ya haƙa rami a gindin bishiyar ya juye. Yana cikin turbuɗewa sai ya ji ba zai iya rabuwa da su duka ba. Ya tsince ƙwallayen, ya wanke su sau bakwai, ya shanya, yana kuka irin na babban mutum, wanda ba ya fitar da sauti. Musbahu ya ce a sayo daskararren ruɗab a kanti, tsohuwa ba za ta gane ba. Lado ya ce ita ba za ta gane ba, shi fa?

Bayan an sauko Arfa aka kawo alhazan Katsina Jidda jiran jirgi. Musbahu ya je da motarsa ya ɗauko Inna Turai, da sharaɗin zai mayar da ita kafin magariba. Da ta shigo ɗakin, Lado ya durƙusa ya kasa ɗago kai. Ta tsufa fiye da yadda ya yi zato, ta ƙanƙance, ta ɗora hannunta a kan kansa. Suka gaisa, aka yi ta lissafin waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa. Ta sha ruwa. Sannan ta dubi baƙin firjin da ke kusurwa, a kashe, an ɗora masa dadduma.

"To ina dabinon nawa?"

Ya faɗa mata duka, bai rage ba: firizar da ya raina, gilashin da ya ruɗe shi, har da abin da aka yi firjin dominsa. Ta yi salati, sannan dariya ta kufce mata, ta ce ashe taurin kan ubansa yana nan bai bar shi a Bakori ba. Da ta ga idonsa ya kawo ruwa sai ta daina.

"Ba abin da ya rage?"

Ya miƙo mata gwangwanin madara cike da ƙwallaye. Ta zuba kaɗan a tafin hannu, ta juya su da yatsa, ta daɗe tana kallo.

"Shekara nawa yake yi kafin ya haihu?"

"Nawa ya yi tara, Inna."

Ta kwance bakin mayafinta, ta ƙulle guda bakwai, ta ja ƙullin da haƙori.

"Zan shuka a bayan ɗakinka, har yanzu ban bari kowa ya shiga ba. Shuka dai zan iya. Amma shekara tara ta ɗaukar bokiti, dube ni da kyau, Lado." Ta miƙa masa hannuwanta biyu, suna rawa. "Sai dai ka zo ka ba shi ruwa."