Hanyar da Hannun Baba Ya Sani

Maganar makullin motar Baba ta daɗe tana yawo a bakin 'ya'yansa, amma an rasa mai kai ta gabansa. Wa zai tari mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin gingimari, ya ce masa ya ajiye tuƙi? Sai ranar da ya fita sayen ƙwan fitila da hantsi, bai dawo ba sai bayan la'asar, wani mai faci na gaba a kan babur Baba na biye da shi a mota kamar an kamo ɓataccen rago, sannan babban ɗansa ya ce abin ya isa haka.

Auta ce kaɗai ta ƙi. Ta ce tun da Mama ta rasu, motar nan ce abokiyar hirarsa. Kullum da safe sai ya wanke ta, ya buɗe bakinta ya duba mai da ruwa, ko da ba inda za shi. A ƙwace makullin, a bar shi da me? Da rediyo?

Yaya Babba ya ce, "To, ke da kika fi kowa tausayi, ga dama ta samu. Ya ce zai je ƙauye duba Gwaggo, ƙafarta ta tashi. Ki bi shi. Kada ki nuna masa hanya, kada ki ce masa dama ko hagu. In ya kai ku, na janye maganata. In bai kai ku ba, ki dawo min da makullin a jakarki."

Baba bai san da wannan shawara ba, ko kuwa ya sani ya yi kamar bai sani ba. Da Auta ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, sai ya dube ta ta gefen ido ya ce, "Yau kuma sufeto aka ba ni?" Ta yi dariya ta ce ita Gwaggo take marmarin gani. Ya ce to madalla, ya tayar da mota.

Ita Auta direba ce, amma irin na yanzu. Waya ce ke gaya mata inda za ta karya kwana, in wayar ta mutu ita ma ta tsaya. Don haka ta gyara zama tana son ta ga abin da ba ta taɓa lura da shi ba tun tana yarinya a kujerar baya: shin ta yaya mutumin nan yake gane hanya?

Ba a daɗe ba ta fara samun amsa, domin Baba da baki yake tuƙi. Ba da ita yake magana ba, da titin yake yi.

"Daga gidan silima sai mu sauka hagu," ya ce, ya kunna sigina. Auta ta duba, ba silima ba alamarta, sai wani dogon bene mai gilashi da ake sayar da kujeru a ƙasansa. Amma hagun na nan, kuma ya shige ta daidai. Can gaba ya ce, "Ga masaƙa," ya rage gudu saboda ma'aikata masu tsallaka titi. Masaƙar ta zama filin ajiye motoci tun Auta na firamare, kuma ba mai tsallakawa sai wata akuya. Abin ya ba ta mamaki har ta manta da fargaba. Ashe akwai wani gari kwance a ƙarƙashin wannan, da silimarsa da masaƙarsa da famfon da mata ke layi, kuma a cikinsa Baba yake tuƙi. Muddin sabon titi ya hau kan tsohon, lafiya lau ake tafiya.

Matsalar ta zo a inda sabon ya ƙi bin tsohon. Baba ya doshi babban shataletalen da yake kewayawa ya ɗauki hanyar fita gari, sai ya tarar da gadar sama ta miƙe a gabansa, da rassa kamar ƙafafun gizo-gizo.

"Ina suka kai shataletalen?" ya tambaya, da gaske yake.

Auta ta cije leɓe. Alkawari ta ɗauka. Motocin baya suka dame su da hon, wani mai tasi ya leƙo da kai ya ce, "Tsoho, in hutu kake so ka koma gida!" Baba ya zaɓi reshe ɗaya ya hau. Suna kaiwa ƙololuwa ya leƙa ta taga ya nuna da yatsa.

"Ga ta can! Ga hanyar tamu can a ƙasa, tana kallona ina kallonta. To wane mai hankali ne zai gina hanyar da za ta tsallake inda mutum zai je?"

Gadar ta sauke su a wata unguwar da ba ruwansu da ita. Ya yi kwana ya dawo, ya sake hawa, ta sake tsallakar da su, wannan karon ta ɗaya ɓarin. Da ya gaji da sama sai ya ce bari ya bi ta ƙasa, ya kutsa wani titi da ya sani tun yana yaron mota. Duk motocin da ke ciki su suke fuskanta. Masu babur suna kaucewa suna zagi, wata mai sayar da lemo ta ɗora hannu a ka. Ɗan sanda mai ba da hannu ya taho da saurinsa yana kaɗa sanda, ya leƙo, ya ga furfura, sai sandar ta sauka.

"Baba, titin nan hannu ɗaya ne."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a kawo ni nan."

"To ai ni na riga ka zuwa," in ji Baba.

Ɗan sandan ya tsayar da motoci da kansa har Baba ya yi ribas. Nan kam ya nuna musu aiki, don hannu ɗaya ya sa a sitiyari, ya fita tsakanin kwata da teburin mai lemo ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Amma Auta ta ga zufa na bin wuyan rigarsa, ta ga yadda yake ƙifta ido yana duban allunan da ba ya karantawa. Tausayinsa ya kama ta. Ta ce a ranta shi ke nan, makulli ya tafi.

"Baba, ko mu tambaya? An ce matambayi ba ya ɓata."

"Wanda ya faɗi haka bai taɓa tambayar ɗan birni hanya ba. Jira ki gani."

Ya gangara gefe ya tsaya, ya zuba wa titi ido kamar mai jiran wani. Motoci na wucewa yana barin su. Can sai ga wata tsohuwar akori-kura ta taho tana tangaɗi, bayanta cike da kwanduna da buhunan da ba komai a ciki, jar ƙasa ta bushe a tayoyinta. Baba ya sa giya ya manne mata.

"Kin ga wannan? Ta sauke kaya a kasuwa, gida za ta. Mota mai kwandon banza da jar taya ba ta kwana a birni."

Haka kuwa aka yi. Akori-kurar ta ratsa da su ta bayan kasuwa, ta wani kwararo da ko wayar Auta ba ta san da shi ba, ta ƙarƙashin gadar da ta wahalar da su, sai ga su a hanyar fita gari. Auta ta tafa hannu tana dariya. Ba ta san ko wannan za a lissafa shi a ɓata ko a gwaninta ba, ta bar wa Yaya Babba wannan shari'ar.

Da kwalta ta ƙare suka hau burji, sai ka ce an sauya direba. Kafaɗunsa suka sauka, ya saki hannu ɗaya a taga. Wayar Auta kuwa ta nuna musu wani ɗigo shi kaɗai a tsakiyar fari, daga nan sabis ya ɗauke. Auta ba ta taɓa bin wannan hanya da wayonta ba. Duk zuwan da take yi wurin Gwaggo, da Yaya Babba ne, ta sabuwar kwalta mai dogon zagaye.

Nan tambaya ta ɓalle mata. Me ya sa ya ƙara gudu a inda hanya ta yi kunya-kunya, maimakon ya rage? Ya ce in ka lallaɓa ta, sai ta kwance maka kowace ƙusa, gara ka bi ta kai. Me ya sa ya sauya giya tun kafin su kai rairayi? Ya ce rairayi ba ya son shawara a tsakiyarsa, abin da za ka yi ka yi shi tun a baki, kuma kada ƙafarka ta kusanci birki. Da suka zo wani kududdufi da ya cinye hanya, ya tsaya ya yi ta kallo, sannan ya bi ta tsakiya inda ya fi kama da zurfi. Ya ce gefen da ya yi lumui ɗin nan taɓo ne, shanu ma sun ƙi shi, ta dubi sawunsu.

"Amma Baba, ba allo, ba suna, ko'ina iri ɗaya. Ta yaya kake sanin inda za ka juya?"

"Ai ba ni nake sani ba," ya ce. "Hannu ne. Hanyar da ka bi ka sake bi, kai zai manta, hannu ba ya mantawa. In na tsaya tunani ma sai in rikice."

Kamar don ya nuna mata, suka iso wata mararraba a gindin wata tsamiya, hanya biyu kamar tagwaye. Bai ko rage gudu ba, sitiyarin ya karkata dama da kansa. Daɗi ya cika Auta. Ta fara shirya abin da za ta gaya wa Yaya Babba: mutumin nan lafiyarsa ƙalau, garin ne aka birkita masa. A hana shi shiga tsakiyar birni, amma a bar masa motarsa.

Suka tsallake wani busasshen rafi, suka ratsa gonaki, rufin kwano ya fara bayyana. Baba ya gyara hularsa a madubi, ya shafa gemu. Ya bi ta bayan wata makaranta, ya karya kwana a bakin rijiya, ya tsaya a ƙofar wani gida mai dakali da bishiyar lemun tsami. Ya danna hon, gajeru biyu da dogo ɗaya.

Auta ta san gidan, amma ba na Gwaggo ba ne. A kan dakalin nan ta taɓa fasa goshi tana ƙarama. Gidan su Mama ne, inda aka haifi marigayiyar, inda takan zo ganin gida ta yi kwanaki Baba ya zo ɗaukarta.

Wani dattijo ya fito yana gyara riga, Kawu ne, ƙanen Mama. Ya washe baki zai yi maraba, Baba ya riga shi daga cikin mota, da fara'arsa.

"Kai, har yanzu ba ka yi ƙiba ba? Shiga ka ce wa yayarka ta fito, rana na yi. Kada ta tsaya sallamar nan tata da ba ta ƙarewa."

Kawu ya tsaya da hannu a miƙe. Ya dubi Baba, ya dubi Auta. Ita kuwa ta kasa ɗaga ido daga cinyarta. 

Kawu ya matso ya dafa ƙofar motar, ya sassauta murya. "Yaya, ku shigo ku sha ruwa tukuna. Kun sha hanya."

Baba ya dubi ƙofar gidan, ya daɗe yana dubanta. Fara'ar ta bar fuskarsa a hankali. Ya juyo ya dubi kujerar da ke gefensa, ya ga wadda ke zaune a kai, ya sake dubanta da kyau. Sannan ya kashe motar.

"Allah ya ji ƙanta," ya ce.

"Amin," in ji Kawu.

Sun shiga, sun sha ruwa, an gaisa da mutanen gida, ba wanda ya tayar da maganar. Kawu ya ja Auta gefe ya kwatanta mata: su koma tsamiya su ɗauki ɗaya hanyar, ba nisa. Da suka fito, Auta ta nufi ƙofarta, sai ta tarar Baba ya riga ta. Ya buɗe ya zauna a kujerar fasinja, yana ta laluben bel ɗin da bai taɓa ɗaurawa ta wannan ɓarin ba. Makullin na jikin mota.

Ta zagaya ta zauna a mazauninsa. Kujerar ta yi mata nisa, amma ta kasa matso da ita, ta miƙa ƙafa haka nan. Hawaye ya cika mata ido har hanyar ta yi dishi-dishi.

"Ja mu je," ya ce. "Ni zan riƙa gaya miki hanya. Rairayin rafin can na gaba, ki sa giya ta biyu tun yanzu."

Ta sa. Suka wuce rairayin lafiya, ya gyaɗa kai ya ce hannunta ba laifi. Suka bar rafin a baya, tsamiyar ta fara leƙowa daga nesa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya yi magana a hankali kamar mai jin kunya.

"Auta, wurin wa ma muka ce za mu?"