Jinin Maman Auta

Allurar tana cikin hannunta, kwalba ta huɗu tana cika, Maman Auta ta ɗago kai.

"Likita, wai me kuke nema a jinin nan? Shekara uku kuna ɗiba sai ka ce rijiya."

Ɗakin ba shi da taga, sai firji mai gurnani da kujeru biyu. Likitar da ke jagorantar binciken da ake yi a kan jinin nata ta yi murmushi, ta sauya kwalba.

Shekara goma sha shida ke nan da aka gano Maman Auta tana ɗauke da HIV. Cutar ta kashe mijinta, amma ita ko kwanciya ba ta taɓa yi ba. Ba ta shan magani, tana ɗinkinta, gwaji da ƙyar yake hango ƙwayar a jininta. 'Yarta Auta kuwa, wadda aka haifa da cutar, sai ta haɗiyi magani kowace safiya.

"Bari in yi miki bayani da harshen tela," in ji Likita. "Cutar nan ba ta iya hayayyafa da kanta. Sai ta shiga ƙwayoyin garkuwar jiki ta miƙa musu samfur, su yi ta ɗinka mata irinta. To, a cikin ƙwayoyin akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, ƙananan RNA. Sukan manne wa samfurin su hana a karanta shi. Muna zaton naki sun fi na sauran mutane ƙwazo. Zato ne fa, ba mu tabbatar ba."

"To ku ɗiba ku sa wa Auta mana."

"Ba a kai nan ba tukuna."

"Yaushe za a kai?"

"Wataƙila shekara goma. Wataƙila ma ba za a kai ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Maman Auta ta sa hannunta na hagu cikin jaka, ta ciro wani ƙullin ƙyalle, ta kwance shi da haƙori. Ƙwayoyin magani suka zube a kan tebur.

"Goma sha tara. A cikin matashin kan Auta na same su, ta farke ta zuba ta mayar da ɗinki. Ɗinkin ma da kyau, ja'ira, ni na koya mata." Ta yi 'yar gajeriyar dariya. "Na yi faɗa, na yi lallashi. Sai ta ce, 'Umma, ke da kika ba ni ba kya sha, ni da aka bai wa ce zan yi ta sha har in mutu?' Likita, me zan ce mata? Ga tari ta fara."

Likita ta dubi ƙwayoyin.

"Rubuta mini irin maganin nata," in ji Maman Auta. "Mu riƙa sha tare."

"Haƙƙinki ne, tun ranar farko na faɗa miki. Amma ki ji sauran. In kin fara, ba a dainawa. Kuma kin fita daga binciken ke nan, don magani zai rufe abin da muke dubawa. Irinki bakwai kaɗai muka samu."

"Na sani. Abin da zai ceci Auta nan gaba ƙila yana jikina. Amma yarinyar ba ta da shekara goma na jira."

Firji ya yi shiru, ya sake tashi. Likita ta buɗe baki kamar za ta roƙe ta, sai ta fasa.

"Saura kwalba nawa?" in ji Maman Auta.

"Biyu."

"Cika su sosai, tunda na ƙarshe ne."

Likita ta cika su, ta zare allurar, ta danna auduga a wurin. Sannan ta jawo takardar magani.

"Ƙarfe nawa Auta take sha?"

"Bakwai na safe, kafin makaranta."

Likita ta rubuta bakwai.