Gadar da Gwamna Bai Haye Ba

Tsarin mulkin jihar ya ce duk sa'ad da gwamna ya fita daga iyakarta, mataimakinsa ne gwamna har ya dawo. Ba wanda ya taɓa damuwa da wannan sai a zamanin Lyle Brandvold, domin shi da mataimakinsa Curtis Mabry ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Kowa zaɓensa daban aka yi, kuma ko gaisawa ba sa yi sai in akwai mai ɗaukar hoto.

A shekararsa ta uku majalisa ta shirya dokar sayar wa wani kamfanin katako dajin arewa. Sun san Brandvold ba zai sa hannu ba, sai suka riƙe takardar suna jira ya fita. Mabry ya riga ya ce alƙalaminsa na aljihu. Ranar Juma'a za a rufe zaman shekara, kuma dokar da ba a sa wa hannu ba ta mutu ke nan. Ranar Talata Arlene, yayar gwamna, ta bugo waya daga gonarta da ke tsallaken kogi, cikin jihar maƙwabta. Tsohuwarsu ta daina cin abinci, likita ya ce kwana biyu ko uku.

Saja Duane Pettibone, ɗan sandan jiha, shi ke tuƙa gwamna. Aikinsa uku ne: tuƙi, tsaro, da sanar da hedikwata ta rediyo duk lokacin da gwamna ya ƙetare iyaka. Ya yi rantsuwa a kan na ukun kamar yadda ya yi a kan sauran. Shekara goma sha tara bai taɓa faɗa wa rediyon abin da ba haka ba. Wanda aka kama da ƙarya a rediyo, kaki ake tuɓe masa.

Ranar Laraba da safe gwamna ya same shi yana goge mota.

"Duane, kwale-kwalenka na nan?"

"Yana nan, ranka ya daɗe. Sai dai yana yoyo."

"Ba ruwa za mu shiga ba."

Duane ya ajiye tsumman. "Ranka ya daɗe, in muka haye dole in sanar."

"Na sani."

"To?"

"To ban ce ka yi komai ba. Kwale-kwale na tambaye ka."

Haka yake da kowa. Bai taɓa ba mutum umarnin da za a iya tambayarsa a kai daga baya ba.

Da hantsi Duane ya fito da tsohuwar a-kori-kurarsa, kwale-kwalen na bayanta a kan tirela. Gwamna na kwance a cikin kwale-kwalen, an rufe shi da tamfol, kansa kusa da gwangwanin tana.

A bakin gada wata koriyar mota ke tsaye tun ranar Talata. Earl Stoltz, surukin Mabry, ke cikinta da fulas ɗin kofi da kyamara. Da ya hango Duane sai ya fito yana miƙa.

"A'a, Saja! Ina ka baro jaririn naka?"

"An ba shi nono, ya yi barci. Kai fa, Earl, mai gadin gada aka naɗa ka, ko matarka ce ta sake koro ka?"

"Kamun kifi ranar Laraba. Ku dai kun more." Earl ya zagaya ya daki tamfol ɗin da tafin hannu sau biyu. "Wannan akwalar har yanzu ba ta nutse da kai ba?"

"Tana jiran ranar da zan ɗauke ka."

Earl ya yi dariya ya matsa.

Allon iyaka na tsakiyar gada. Saura kaɗan su kai gare shi rediyon da ke kan kujera ya yi ƙara. Doreen ce, mai karɓar saƙo a hedikwata.

"Saja Pettibone, ofis na neman maigida. Kuna ina?"

Duane ya rage gudu. Dajin arewa bai dame shi ba. Sau biyu ya taɓa zuwa, sauro ya koro shi. Tsohuwar ma sau ɗaya ya gan ta, ta ce masa ya aske gashin baki. Allon ya zo ya wuce ta gefen taga.

"Muna bakin tafki, Doreen. Ya ce kada a dame shi sai ƙarfe uku."

"To, ka ajiye mini kifi ɗaya."

"In ya kama."

A bayan rumbun Arlene gwamna ya fito daga ƙarƙashin tamfol da ƙyar, wandonsa jiƙe har gwiwa. Arlene na bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ku zo ku ga gwamna. Cire takalmi, yanzu na goge ɗakin."

"Yaya, tana ganewa?"

"Shiga ka gani."

Ta zuba wa Duane kofi a kicin, ta tura masa burodi da man shanu. Kafin a rufe ƙofar ɗakin ya ji muryar tsohuwar, siririya.

"Lyle? Wa ka bar wa jihar?"

"Ba kowa, Mama."

"Ka yi ƙiba."

Minti hamsin ya yi a ciki. Da ya fito ya sa takalminsa ya koma ƙarƙashin tamfol. A gada Earl ya leƙo yana tambayar ina kifin, Duane ya ce sun ji yana nan sun gudu. Duka duka awa biyu da kwata Curtis Mabry ya yi yana gwamna, a shagon aski da kuma wurin likitan haƙori, bai sani ba har ya mutu.

Tsohuwar ta rasu ranar Alhamis. Ranar Juma'a aka rufe majalisa. Ranar Litinin gwamna ya haye gada da motoci shida don jana'iza, Duane ya sanar a kan daidai minti.

Jaridu suka rubuta cewa ga mutumin da ya ƙi zuwa ganin uwarsa tana bakin mutuwa saboda dajin jama'a. Brandvold bai ce haka ne ba, bai ce ba haka ba ne ba. Albarkacin wannan labarin ya sake cin zaɓe, har da ƙananan hukumomin da ba su taɓa zaɓensa ba. Matan coci suka riƙa jajanta wa Arlene a kan ƙani mai zuciyar dutse, ta riƙa cewa ta gode. Brandvold bai taɓa ta da maganar da Duane ba. Ranar da ya bar mulki ya ba shi hannu, irin yadda ya ba kuku da mai yanka ciyawa.

Ba a tuɓe wa Duane kaki ba. Sau biyu aka nemi ya koyar da sababbin 'yan sanda ƙa'idar rediyo, sau biyu ya ce ba shi da baki.

Bayan shekara ashirin da shida aka gina sabuwar gada aka sa mata sunan Brandvold. Shi ya rasu tun bara. Rabin dajin kuwa wani gwamna daga jam'iyyarsa ya sayar tuni. A allon tagulla an rubuta: Ya tsaya a wannan gefen. Ranar bikin buɗe gadar Duane na layin gaba, Arlene na kusa da shi a keken marasa lafiya.

Bayan jawabai wata 'yar jarida ta tsuguna a gabansa da na'urar ɗaukar murya.

"Baba, an ce kai ne direbansa. Ranar Larabar nan ta makon da mahaifiyarsa ta rasu, ina kuke?"

Duane ya dubi na'urar. Wanda zai tuɓe masa kaki babu, kakin ma asu ya cinye. Ya dubi allon, ya dubi Arlene.

"Kamun kifi."

"Allah sarki. Kun kama?"

"Lyle bai taɓa kama ko ɗaya ba tun yana yaro," in ji Arlene. "Tura ni, Duane, rana ta yi zafi."

Ya kama keken ya nufi ɗaya gefen da ita.