Hoto Na Goma

"Kin karkatar da shi," in ji Baba Mai Zane. "Ɗaga gefen dama kaɗan. Kaɗan na ce! Haka kike riƙe wa mutane yadi?"

Na gyara wa katakon zanen zama a kan gwiwarsa. Ya damƙi fensirin da hannun hagu, ya ja layi a kan takardar, layin ya tafi a karkace kamar tsutsa. Ya ja na biyu. Fensirin ya suɓuce masa, ya gangara ƙarƙashin gado.

"Bar shi can," ya ce. "Shi ma ya gaji da ni."

Wata biyu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ɗakinsa yana kallon nawa a gidan hayar da muke zaune, famfo da igiyar shanya ne kawai a tsakaninmu. Ni tela ce, kekena yana bakin taga, don haka duk motsin da ya yi ina ji. 'Yarsa ma'aikaciya ce, takan zo da safe da kuma bayan an tashi aiki. Tsakanin nan ni nake leƙa shi.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana zana hotunan littattafan yara. Ni kaina da littafinsa na koyi karatu, tun ban san da mutum a bayan hotunan ba. Ranar da na tare a gidan na hango hoton wata akuya manne a bangonsa, kunnenta ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sai da na yi ihu. Akuyar littafin ajinmu ce! Ya yi ta dariya, ya ɗauko littafin ya nuna mini sunansa a bangon baya, da haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero.

Mai rubuta labaran kuwa Malama ce, tsohuwar shugabar wata firamare, gajeriya mai tabarau da ƙatuwar jaka. Littafi ashirin da shida suka yi tare, kuma ban taɓa ganin sun rabu ba tare da gardama ba.

"Na rubuta kare, ka zana mini dila."

"Karenki ne bai ƙoshi ba, Hedimasta. Ki rubuta masa abinci."

Littafin da suke kai lokacin da ciwon ya same shi labarin wata yarinya ne da ta fita neman agwagwarta. Hoto goma sha biyu ake buƙata. Ya gama tara.

Da hantsin ranar nan da fensirin ya faɗi, Malama ta shigo tare da mutumin kamfanin buga littattafai. Mutum ne mai ladabi, sai da ya durƙusa ya gaida Baba. Ya ce makarantu sun kusa komawa, dole littafin ya shiga inji kafin nan.

"Baba, ba sai ka wahalar da kanka ba. Muna da ma'aikata a ofis, za su kwaikwayi hannunka da kwamfuta su cike ukun da suka rage. Wallahi ba wanda zai gane."

"Ba wanda zai gane?" in ji Baba.

"Ko ɗaya."

Mutumin yana ganin kwantar masa da hankali yake yi. Baba ya daɗe yana kallon hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa. Sannan ya ce, "To, a ba su."

"Ba za a ba su ba," in ji Malama.

"Hedimasta, yara na jira."

"Su jira. Ni ma na sha jiranka." Ta juya wajen mutumin. "Ka ba ni mako uku. In ban kawo maka littafi ba, ka yi yadda ka ga dama."

Bayan sun fita Baba ya ce in rufe masa akwatin fenti in ɗora a saman kwaba. Kwana shida bai tambaye shi ba. Abinci ma sai 'yarsa ta yi ta lallashi. Ta same ni a bakin famfo idonta jawur.

"Yaya, likita ya ce zuciyar ma ta yi rauni. Na ce ya dawo gidana, ya ƙi. Wai tagogina ba sa kawo haske mai kyau. Hasken me, mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa?"

Na karɓi kwanon hannunta na wanke.

A rana ta bakwai Malama ta dawo. Ta zauna a kujerar bakin gado, ta zaro takarda ɗaya daga jaka, ta karanta masa da muryar aji. Ta yanke labarin. A da yarinyar za ta bi tasha da kasuwa da gidan mai kiwon kaji kafin ta ga agwagwar. Yanzu kuwa, bayan hoto na tara, hadari ne ya taso, ruwa ya tsuge, yarinyar ta fake a gindin bishiya tana kuka, sai ga agwagwar ta fito da kanta tana wanka a kududdufi. Shi ke nan. Hoto ɗaya ya rage.

"Kin datse labarinki saboda ni," in ji Baba.

"Saboda kai? Shekara talatin kana cewa na cika surutu. Yau na ji maganarka, kuma ka sami abin cewa."

"Kasuwar nan ita kika fi so a duk littafin."

"Na daina sonta."

"Ƙarya kike yi."

"Ƙarya nake yi," ta ce. "Za ka zana ko ba za ka zana ba?"

Ya juya fuskarsa bango. Ta tashi ta saɓa jaka. Tana kaiwa ƙofa ya ce, "Ruwan sama kuma. Kin ga hannu yana rawa, kin nemo abin da rawar ba za ta ɓata ba. Wayonki ya yi yawa, Hedimasta."

"Ni labari na rubuta. Hannunka matsalarka ce."

Ko ƙofar gida ba ta kai ba ya ƙwala mini kira. "Tela! Sauko mini da akwatin nan."

Kwana goma sha ɗaya muka yi a kan hoton. Kullum da safe, kafin in hau keke, sai in jingina shi da matasai biyu, in riƙe katakon, in matse masa kalar da ya ce. Ba ya wuce minti ashirin, gumi ya jiƙa masa riga. Mun ɓata takarda ta fi ashirin. Agwagwar farko ta fito kamar buta, ta biyu kamar takalmi. Ya ce in ajiye su, in Malama ta zo a nuna mata 'yan'uwanta.

Fuskar yarinyar ce ta gagare shi. Ido da baki suna son hannu tsayayye. Ya gwada, ya goge, ya gwada, har takardar ta huje. Ranar ya yi kuka, ba sauti, hawaye kawai. Na yi kamar ina neman murfin kala a ƙasa.

Washegari ya ce, "Juya mini baya. Ɗan sunkuyar da kai. Yi kamar kin hango wani abu da kika daɗe kina nema."

Na tsaya haka a tsakar ɗakin, ni mai 'ya'ya uku, ina yin yarinya 'yar shekara shida. Ya zana ta ta baya, kafaɗunta a ɗage, hannu ɗaya ya fara miƙewa. Ba a ganin fuskarta, amma duk wanda ya kalli kafaɗun nan ya san ta daina kuka. Ruwan kuwa ya sauko a karkace, layi-layi, wasu sun tsinke a hanya.

Malama ta zo ta ɗauki hoton ta kai bakin taga. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Agwagwar ta yi ƙiba," ta ce.

"Wannan karon kin rubuta mata abinci."

Ta saka hoton tsakanin kwali biyu, ta rungume a ƙirji. Ba ta yarda ya shiga jaka ba.

Bayan nan ƙarfinsa ya yi ta raguwa. 'Yarsa ta ɗauki hutu ta dawo ɗakin da zama. Na daina taka keke don kada in dame shi, sai ga ta ta leƙo tagata wata ranar Laraba da hantsi.

"Yaya, Baba ya ce wai kin mutu ne? Ya ce gidan ya yi tsit da yawa, ki yi ɗinkinki."

Na hau keke. Ina kan haɗa hannun wata riga, ban kai ga ɗaya hannun ba, na ji ta kira shi sau biyu. A na uku muryarta ta canza. Na ɗage ƙafata daga kan keken.

Littafin bai riske shi ba, sai bayan rasuwarsa da kwana goma sha tara ya fito. Malama ta kawo mana guda biyu, ɗaya nawa ɗaya na 'yarsa. Ta sa an buga sunansa a gaba, sama da nata. Ba ta shiga ɗakin ba, a bakin ƙofa ta tsaya ta miƙo.

"Allah ya jiƙansa," ta ce. "Mutum ne mai taurin kai." Ta juya da sauri.

Ranar muka kwashe kayansa. A bayan labule, kan dakalin taga, na tarar da kwalbar da yake wanke buroshi, ruwan ciki ya kwanta, shuɗin ya taru a ƙasa. Na fita da ita na tuttular a bakin famfo. Ruwan ya bi siminti siriri, ya ratsa ƙarƙashin igiyar shanya, bai kai magudana ba ya tsaya. Ni da 'yarsa muka tsaya muna kallonsa har rana ta fara busar da gefensa.