Sirrin Direban Motar Makaranta

Shekara tara ke nan tana aikin sauraren masu damuwa a wani ɗan ofis na asibiti, kujera biyu da fanka mai kuka. Duk wanda ya zauna, da magana ɗaya take fara masa: abin da aka faɗa a nan, a nan zai tsaya, sai fa in akwai ran da ke cikin haɗari. Ta maimaita ta har ta zama hadda, ba ta taɓa zaton "sai fa" ɗin zai biyo ta har gida ba.

Na yau wani dattijon direba ne, likita ya turo shi bayan gwaji bai nuna komai ba. Sai murza hularsa yake yi.

"Hajiya, tun da na binne ɗana barci ya ƙaurace mini. Sau biyu ke nan ina tuƙi sai in ɗauke, ido a buɗe amma ban san inda nake ba. Shekaranjiya hon kawai na ji, ashe na shiga hannun wasu."

"Wace irin mota kake ja, Baba?"

"Ta makaranta. Yara goma sha takwas."

Sai a lokacin ta lura da tambarin da ke aljihun rigarsa. Irinsa ne a rigar autarta. Kullum da safe tana tura yarinyar cikin motar nan, amma wa ke kallon fuskar direba? Ta saci kallon agogo: ɗaya saura kwata, kuma ƙarfe biyu ake tashi daga makarantar.

Ta ce masa tana zuwa, ta fita baranda, ta kira mijinta.

"Baban Auta, don Allah ka je ka ɗauko ta da kanka yau."

"Lafiya? Motar ce ta lalace?"

"Kai dai ka je."

"To 'yan biyun maƙwabtanmu fa? In bar su su hau?"

Kunya ta rufe ta, har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ɗauki sirrin bawan Allah ta tsamo tata 'yar ita kaɗai, ta bar goma sha bakwai na mutane. Son kai ne tsagwaronsa, ba shi da wani suna. Ta kashe wayar ta koma ciki.

"Baba, akwai abin da ya kamata in faɗa tun ɗazu. 'Yata tana cikin yaran da kake ɗauka, don haka daga yau abokin aikina ne zai riƙa ganinka. Kuma ba za ka tuƙa motar nan yau ba. Ko ka kira makarantar a gabana, ko ni in kira. Rashin lafiya kawai za a ce, sauran bayanin naka ne."

Ta jira ya tashi da faɗa, ya ce ta ci amanarsa, ta raba shi da hanyar abincinsa. Sai ya ajiye hular a gwiwa ya laluba aljihu.

"Ai tun a bakin ƙofa na gane ki, Hajiya. Ke ce maman yarinya mai gilashin nan da ke zama a bayana tana yi mini waƙa." Ya miƙo mata wayarsa. "Kwana uku ina neman wanda zai hana ni. Danna mini lambar, ni hannuna ya ƙi."