Ranar da Farfesa Sifili ya aika wa kowa da kowa

Shekarata ashirin da biyu ina aiki a cibiyar kwamfuta ta jami'armu. Na fara da jan waya a ƙarƙashin tebura, na koma gyara, na koma koyarwa, har aka wayi gari ni ne shugaban cibiyar, ga ofis mai labule, ga kujera mai juyi. Duk da haka ba mai kirana da sunana. Kashe-Kunna ake ce mini, don duk wanda ya bugo waya yana kukan na'urarsa ta ƙi, abin da nake fara gaya masa ke nan: kashe ta ka kunna. Har matata, in na cika ta da surutu, sai ta ce, "Wai kai ina maɓallinka yake?"

A bana hukumar jami'a ta ce kowane malami zai riƙa shigar da makin ɗalibansa da kansa a kwamfuta, ba sauran takarda. Aka ɗora mini horar da su rukuni-rukuni. Matasan malamai yini ɗaya suka gama. Rukunin ƙarshe na dattawa ne, su goma sha ɗaya. Ranar Litinin da na shiga ɗakin horo na ga wanda ke zaune a layin gaba, sai na tsaya cak a bakin ƙofa.

Farfesa Sifili ne. Shi ya koya mini lissafi a shekarata ta farko a jami'a. Ya samo laƙabin ne daga yadda yake zana sifili a takardar jarrabawa, ƙato, da jan biro, wani lokaci har ya yi masa idanu. Ni kaina biyu na samu. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in zai yi faɗa.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ne malamin?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"To, duniya ta zo ƙarshe. Fara."

Na ce kowa ya kama linzamin kwamfuta, wato maus, ya motsa shi. Farfesa ya ɗauki nasa ya ɗaga sama, ya nuna wa allon yana dannawa kamar mai canja tashar talabijin. Na matsa a hankali na ce, "Ranka ya daɗe, a kan tebur ake jan shi." Ya ajiye, ya ja, kibiya ta zabura ta tafi ƙuryar allo. Ya ja baya, ta dawo. Ya sake ja. Sai na ji ya ce can ƙasa-ƙasa, "Lallai. Tana jin magana."

Daga nan fa abin ya kama shi. Ranar Talata ya riga ni zuwa. Da na ce kowa ya zaɓi kalmar sirri, ya faɗi tasa da ƙarfi har sau biyu don kada ya manta, sai da muka canja ta. Kafin Laraba ya iya shigar da maki, kuma da ya ga na'urar ta tara makin mutum ɗari uku cikin ƙiftawar ido, ya ƙi yarda, ya zaro biro ya bi lissafin da hannu. Bayan rabin sa'a ya ɗago ya ce, "Ba ta yi kuskure ba." Kamar ma bai ji daɗi ba.

Ranar Alhamis muka shiga darasin imel. Don in nuna musu yadda ake aika sanarwa, na buɗe adireshin nan da ke kai saƙo ga duk ma'aikatan jami'a, wanda kullum a kulle yake. Sunansa "Kowa". Niyyata in rufe shi da an tashi.

Da aka fita shan iska, Farfesa ya yafuto ni. Muryarsa ta yi laushi, abin da ban san tana yi ba. Ya ce autarsa ta haihu shekaranjiya a can nesa inda take aure, mace, jikarsa ta fari, kuma yana so ya aika saƙo da hannunsa. Na yi masa barka, na nuna masa yadda zai ɗauki hoton kansa da kyamarar kwamfutar, na rubuta masa adireshin autar a takarda. Daidai nan aka leƙo aka ce ana nemana a ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, ku rubuta, amma kada ku danna komai sai na dawo."

Minti goma ban yi ba, wayata ta yi ƙara a aljihu. Ta sake. Ta sake. Sai ga mataimakiyata, wadda muke kira Uwar Waya, mace mai nutsuwa da muka yi shekara goma sha biyar tare ban taɓa ganin ta gudu ba, ta banko ƙofa tana riƙe da ciki, hawaye na zuba.

"Oga, buɗe imel ɗinka! Wayyo cikina!"

Na buɗe. Daga Farfesa Sifili, zuwa ga Kowa. Mutum dubu uku da ɗari biyu. Hoton rabin fuskarsa ne: ido ɗaya, hanci, kunne, sauran duk fankar silin. Ƙarƙashinsa an rubuta:

"Ke 'yar mitsitsiya, ni ne kakanki. An ce kunnuwanki irin nawa ne, ki yi haƙuri, ni ma gado na yi. Ban gan ki ba tukuna amma na duba aikinki, na ba ki ɗari bisa ɗari. Ki yi ta kuka da ƙarfi, uwarki ma haka ta yi mana. Cuku-cuku-cuku."

Na karanta sau biyu. Ni na bar adireshin a buɗe. Na ce wa Uwar Waya, "Shi ke nan, na sha kora." Ta ce, "Ko an kore ka ka ci riba, wallahi!"

Na ruga ɗakin horo. Na tarar da shi zaune ya harɗe hannu, fuska fal alfahari.

"Ranka ya daɗe, wa kuka aika wa?"

"Adireshin da ka rubuta ya cika tsawo. Na ga an sa Kowa, na ce ai ita ma tana cikin kowa. Wannan lissafi ne mai sauƙi."

Ina ta kame-kame sai allonsa ya fara cika. Amsoshi ne ke shigowa, kuma kowa na mayar wa kowa. Shugabar ɗakin karatu ta rubuta, "Barka, Farfesa, Allah ya raya." Wani malamin kimiyya ya ce, "Shekara talatin ina jiran ganin wanda zai ci ɗari a hannun Farfesa." Direban motar ɗalibai ya turo hoton tasa jikar. Masu gadi suka turo gaisuwa a haɗe. Wani daga sashen shari'a ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa don Allah a daina mayar wa kowa, shi ma ya mayar wa kowa, mutum arba'in suka amsa masa cewa gaskiya ne. Daga tagar ɗakin kana jin dariya na tashi daga ofis zuwa ofis kamar ana kunna fitilu.

Na durƙusa kusa da kujerarsa na yi masa bayani dalla-dalla. Ya cire tabarau. Na rufe ido ina jiran tsawa.

"Kana nufin duk jami'a ta karanta?"

"Duka, ranka ya daɗe."

"Har da cuku-cukun?"

"Har da shi."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Sai wata irin dariya ta ɓarke masa, mai kama da tsohuwar mota da ta daɗe ba a tayar ba, har yana bugun tebur. Sauran dattawan da suka dawo suka tsaya a bakin ƙofa baki buɗe. Ya share ido ya ce, "Littafi bakwai na rubuta, ɗana. Ko matata ba ta karanta ɗaya ba. Yau layi biyar, mutum dubu uku! Nawa suka amsa?"

Na duba. "Ɗari huɗu da goma sha biyu."

"Sake dubawa."

"Ɗari huɗu da talatin."

Ya tafa hannu kamar yaro. Uwar Waya ta leƙo ta ce babbar na'urar da ke rarraba saƙonni ta fara nishi, in ban rufe adireshin ba za ta kwanta. Na miƙe zan tafi, ya riƙe mini hannun riga.

"Tsaya, ina da wani hoton. Wannan karon duk fuskar za ta fito."

Da ƙyar na ɓamɓare hannuna. Ina cikin kullewa saƙon shugaban jami'a ya shigo, shi ne na ƙarshe da ya tsallake. Layi biyu ne: yana taya Farfesa murna, kuma yana so shugaban cibiyar kwamfuta ya zo ya gaya masa yadda aka yi Farfesa ya taɓa kwamfuta, don shi shekara shida yana roƙo. Na zauna a ƙasa tsakanin wayoyi na yi ta dariya har sai da Uwar Waya ta kawo mini ruwa.

Autar kuwa ba ta sami komai ba, tunda ba ma'aikaciyar jami'a ba ce. Da yamma na zauna da shi muka shigar da adireshinta harafi-harafi, sannan na haɗa musu kiran bidiyo. Da aka ɗago jaririyar a allo, tana barci, ta dunƙule hannu kusa da kumatu, sai Farfesa ya matso da fuskarsa har hancinsa na taɓa gilashin. Na ja ƙofa a hankali na bar su.

Na yi kusan awa ɗaya a baranda ina amsa barka daga masu wucewa, sai ka ce ni aka haifa wa. Da ya fito, idanunsa jajur, ya dafa kafaɗata ya ce gobe zai zo da abokansa uku da suka ƙi yin rajistar horon, in tanadar musu kujeru kusa da tasa, shi zai fara nuna musu.